Dalar Rebbe da Hoton Korar Ɓera: Yadda Hasidawa Ke Neman Tsari da Kayan Malamansu

Tambaya: Na ga hoton wani dattijo mai farin gemu a manne a bangon wani shagon abinci na Yahudawa, aka ce mini wai maganin ɓeraye ne. Na kuma ji ana adana takardar dala ɗaya da wani malaminsu ya taɓa, har ana sayar da ita da tsada. Yahudawan da aka sani da tsananin ƙyamar gumaka, yaya aka yi haka? Laya ce wannan, kuma addininsu ya yarda da ita?

Amsa: Malam, abin da ka gani gaskiya ne, amma ba al'adar dukkan Yahudawa ba ce. Ya fi ƙarfi a wajen Hasidawa, wato masu baƙaƙen riguna da dogon gashi a gefen kunne da ake gani a Birnin Ƙudus da unguwar Buruklin ta Niyok. Su kansu ba su haɗu a kan abin ba, kuma gardamar da ake yi a kai ta girmi ƙungiyar tasu da ɗaruruwan shekaru.

Sai a fara da cire wani zato. Hasidawa ba sa ajiye ƙashin malami ko haƙorinsa ko wani sashe na jikinsa a akwatin gilashi, kamar yadda ake samu a wasu tsofaffin coci-coci na Turai. A shari'ar Yahudawa gawa tana sa ƙazanta, wajibi ne a binne ta gaba ɗaya, kuma haramun ne a ci wani amfani da ita. Zuriyar limamansu, waɗanda ake kira kohanim, ko kusantar kabari ba sa yi. Don haka abin da ake ajiyewa shi ne abin da malamin ya yi mu'amala da shi yana raye: hularsa, ɗamarar da yake ɗaurawa lokacin addu'a, kofin da yake sa albarka a kansa ranar Asabar, sandarsa, lofensa, battar tabarsa, wasiƙar da ya rubuta da hannunsa, ko sulen da ya miƙa wa wani.

Tushen abin yana wajen mutumin da ya kafa tafarkin, Isra'ila ɗan Eliezer, wanda aka fi sani da Baal Shem Tov. Ya rasu a 1760 a garin Medzhybizh, a Yukren ta yanzu. Kafin ya zama jagoran wata ƙungiya, sana'arsa ce ba da magani da rubuta layu, kuma akwai masu irin wannan sana'a da yawa a ƙasar Folan ta wancan zamani. Suna rubuta sunayen Allah da na mala'iku a fata don mai ciki, ko jariri, ko sabon gida. Masanin tarihi Moshe Rosman ya binciko takardun harajin garin, ya tarar an rubuta shi a matsayin masanin asirai kuma mai magani, yana zaune a gidan da jama'ar Yahudawan garin suka ba shi, ba ya biyan haraji. Ke nan ba wani ɗan tawaye ba ne da ke ɓuya a daji, ma'aikacin al'umma ne da ake ji da shi.

Hasidawa suna da wani labari a kansa da ya fi kowane dogon bayani nuna inda aka dosa. Wai wani babban malami ya yi fushi da shi, yana ganin yana wasa da tsarkakan sunayen Allah a cikin layu. Da aka kwance layar aka duba, ba a sami sunan mala'ika ko ɗaya ba, sai sunansa da na mahaifiyarsa kawai: Isra'ila ɗan Saratu. Labari ne na almajirai, ba takardar tarihi ba, amma ka lura da abin da yake koyarwa. A tsohuwar laya, ƙarfin yana cikin rubutun, kowa ya iya rubutun ya iya aikin. A wannan sabuwar fahimta ƙarfin ya koma jikin mutumin. Da zarar an karɓi haka, to ba sai ya rubuta komai ba ma. Duk abin da ya fito daga hannunsa ya wadatar.

Wanda ya zauna ya tsara wannan fahimta shi ne Elimelech na Lizhensk, a kudu maso gabashin Folan, wanda ya rasu a 1787. A koyarwarsa, tzaddik, wato salihin bawa da mu za mu kira waliyyi, shi ne magudanar da alherin sama ke bi ya sauko wa mutane. Kuma ba alherin lahira kaɗai ba. Akwai buƙatu uku da ake yawan ambata tare: 'ya'ya, lafiya da tsawon rai, da abinci. Talakan Bayahude na ƙauyen Folan, mai gidan giya ko mai keken doki, wanda mai gona zai iya korarsa gobe, wanda 'ya'yansa ke mutuwa da ƙyanda, ba dogon falsafa ya kai shi wajen rebbe, wato malamin da Hasidawa ke bi, ba. Waɗannan ukun suka kai shi.

A ƙarƙashin wannan akwai wata koyarwa ta Kabbala, wato ilimin asirai na Yahudawa, da ta zo daga Ishaƙu Luria na garin Safed, wanda ya rasu a 1572. A cewarta, tun farkon halitta wasu tartsatsin haske na Ubangiji sun warwatse sun maƙale a cikin abubuwan duniya, kuma aikin mumini shi ne ya 'yanto su ta hanyar amfani da abin da kyakkyawar niyya. Idan tzaddik ya ci burodi, ba cin ɗan Adam kawai yake yi ba, ɗaga abin yake yi zuwa asalinsa. Idan ya shekara talatin yana addu'a da ɗamara ɗaya, to ɗamarar ta sha addu'a. Wannan shi ne dalilin da malaminsu zai ba ka idan ka tambaye shi.

Za ka ga abin da idonka idan ka shiga zaman da suke kira tish, daren Juma'a bayan an shiga hutun Asabar. Rebbe yana zaune a kan dogon teburi, almajirai ɗaruruwa, a manyan gidaje ma dubbai, suna tsaye a kan benci mai hawa-hawa kamar na filin ƙwallo, suna rera waƙoƙi marasa kalmomi suna rangaji. Ana kawo masa ƙaton burodi da babban faranti na kifi. Sai ya ɗan gutsura, ya tura sauran. Wannan saura, shirayim, shi ake miƙawa hannu zuwa hannu har can saman benci, kowa ya sami ɗan abin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Wani ya jefa a baki nan take, wani ya naɗe a takarda ya kai wa matarsa da ba ta da lafiya. Mai buƙata kuma yakan rubuta sunansa da na mahaifiyarsa da damuwarsa a 'yar takarda da ake kira kvitel, ya haɗa da ɗan kuɗin sadaka ya miƙa. Sau da yawa rebbe yakan mayar masa da sule guda da ya sa wa albarka, ana kiransa shmira, wato na tsari. Ba a kashe shi. Ana ɗinke shi a riga, ko a huda a rataya wa yaro.

Har littafi ya shiga sahun. Littafin Elimelech ɗin nan, Noam Elimelech, wanda aka fara bugawa a Lviv jim kaɗan bayan rasuwarsa, har yau ana sa shi a ƙarƙashin matashin kan mace mai naƙuda don a sauka lafiya, kuma ana buga shi ƙanana-ƙanana musamman saboda wannan. Littafi ne mai wuyar fahimta, mafi yawan masu sayen ƙaramin bugun ba don karatu suke saye ba.

Idan ka ce musu bidi'a ce, suna da abin kafa hujja daga tsofaffin littattafansu. Alkyabbar Annabi Iliya da ta faɗo lokacin da aka ɗauke shi, almajirinsa Alyasa'u ya ɗauka ya bugi Kogin Urdun da ita ruwan ya rabu. A Talmud na Ƙudus, wato kundin muhawarar malamansu na dā, wani malami ya ce sandar Rabbi Meir tana hannunsa, ita ce take koya masa ilimi. Rabbi Yehuda, wanda ya tattara Mishna, tsohon kundin hukunce-hukuncensu, ya ce ya fi abokansa kaifin fahimta ne don ya taɓa ganin Rabbi Meir ta baya, da ya gan shi ta gaba da ya fi haka. Ga kuma tulun manna da sandar Annabi Haruna da Attaura ta ce a ajiye su a wuri mai tsarki. Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba, tunda Suratul Baƙara ta ambaci akwatin da ke ɗauke da ragowar abin da iyalan Musa da Haruna suka bari, Suratu Yusuf kuma ta ba da labarin rigar da aka jefa a fuskar Annabi Yaƙub ganinsa ya dawo. Shi ya sa duk wanda ya saba jin muhawarar tabarruki a zaurukanmu zai gane salon wannan gardama tun kafin a gama yi masa bayani, ko da yake hukunce-hukuncen addinan biyu daban suke.

Cikin duk kayan nan, wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne kujerar Nachman na Breslov. Tattaɓa-kunnen Baal Shem Tov ne ta wajen uwa, ya rasu da tarin fuka a garin Uman a 1810 yana da shekara 38. Almajiransa ba su naɗa magaji ba, har yau ba su da wani rebbe sai shi, abin da ya sa abokan hamayya suka yi musu laƙabi da matattun Hasidawa. Ƙungiyar da ba ta da shugaba mai rai, abin da ya rage mata kabari ne da littattafai da kujera. Kujera ce ta katako mai sassaƙar zakoki da furanni, wadda wani almajiri ya ba shi kyauta. Da rikici ya ɓarke bayan juyin juya halin Rasha, aka yi ta kashe Yahudawa a Yukren, sai aka yayyanka ta gunduwa-gunduwa aka ɓoye. A 1936 aka shigo da guntayen Birnin Ƙudus, aka sake haɗa ta, daga baya ƙwararrun gidan tarihi suka gyara ta. Tana majami'ar Breslov da ke unguwar Mea Shearim, ba mai zama a kanta, sai dai akan ɗora jariri a kai ranar kaciyarsa, kwana takwas da haihuwa. A babbar majami'ar Hasidawan Belz ma, wadda aka buɗe a Birnin Ƙudus a 2000, kusa da makeken akwatin Attaura akwai wata 'yar kujerar katako a cikin gilashi, ta Rabbi Aharon, wanda ya tsere wa 'yan Nazi ya iso Falasɗinu a 1944 bayan an kashe matarsa da 'ya'yansa. Ga mutanen da aka ƙone garuruwansu da majami'unsu, irin wannan kujera ba neman tsari kaɗai ba ce. Shaida ce cewa wancan gidan ya taɓa wanzuwa. Wanda ya kira wannan camfi kawai bai kalli rabin abin ba.

Dalar da ka ji labari ta Menachem Mendel Schneerson ce, rebben wani reshe na Hasidawa da ake kira Lubavitch, wanda aka haifa a 1902 ya rasu a 1994. Daga 1986, kowace Lahadi yakan tsaya a ƙofar ofishinsa a gida mai lamba 770 a titin Eastern Parkway na Buruklin, mutane dubbai su yi layi, maza daban mata daban. Yana da shekara tamanin da 'yan kai, amma yakan yi sa'o'i a tsaye. Kowa ya zo gabansa sai ya miƙa masa sabuwar takardar dala ɗaya, ya ce masa albarka da nasara, na baya ya matso. Manufar da ya bayyana a fili take: dalar ta sadaka ce, ya mai da kai wakilinsa ne ka kai wa mabukaci. Yakan ce idan mutum biyu sun haɗu, ya kamata na uku ya amfana. To amma me mutane suka yi? Sai su ciro wata dalar daga aljihu su ba da sadaka, su riƙe tasa. A rubuta kwanan wata a gefenta, a lulluɓe ta da roba, a sa a walat ko a mota, a ba ɗa ranar aurensa ko soja da zai tafi fagen daga. An ci gaba da haka har Maris na 1992 da ciwon shanyewar jiki ya kama shi. A shari'ance ba su yi laifi ba, sadaka ta isa inda aka aike ta. Amma ka ga yadda abin da aka bayar don ya wuce hannu ya zama abin da ba a rabuwa da shi.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, kuma hujjarsa ba ƙarama ba ce. Attaura ta ce lokacin da macizai suka addabi Bani Isra'ila a hamada, an umarci Annabi Musa ya ƙera macijin tagulla ya ɗaga a kan sanda, wanda aka sara ya kalle shi ya warke. Bayan ƙarnoni, Sarki Hezekiya ya farfasa wannan maciji saboda mutane sun fara ƙona masa turare, kuma malaman Talmud suka yaba masa. Abin da annabi ya ƙera da hannunsa, da umarnin Allah, aka farfasa. Mishna ta yi tambaya a kai: maciji ne ke kashewa ko rayarwa? Ta amsa cewa idan sun ɗaga kai sama sun miƙa zukatansu ga Ubangiji ne suke warkewa. Duk mai sukar dalar rebbe daga nan yake farawa, ya ƙara da cewa Attaura ta ce ba wanda ya san inda kabarin Musa yake.

Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa ɗan Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya fi kowa zafi. Ya ɗauki masu rubuta layu a matsayin wawaye. Game da mezuza, 'yar fatar nan mai ayoyin Attaura da ake maƙalawa a dokin ƙofa, ya ce masu cusa sunayen mala'iku a cikinta sun mai da babban umarni na kaɗaita Allah ya koma laya don amfanin kansu. Ya kuma hana a ɗora wa yaro littafin Attaura don ya yi barci. Da ya ga littafi ƙarƙashin matashin mai naƙuda, ba sai an tambaye shi ra'ayinsa ba.

Sai dai shari'ar ba ta bi shi har ƙarshe ba, kuma nan ne amsar tambayarka ta biyu take. Mishna ta hana fita da laya ranar Asabar idan ba ta ƙwararre ba ce, wanda ke nufin ta ƙwararre an yarda, kuma Talmud ya ce ƙwararriyar laya ita ce wadda ta yi aiki sau uku. Ke nan laya a kanta ba haramun ba ce a wajensu. Abin mamaki ma, Gaon na Vilna, babban malamin da ya sa hannu aka yi wa Hasidawa yankan zumunci a 1772 da 1781, shi kansa ya soki Musa bin Maimun a kan musun layu, yana ganin falsafa ce ta ruɗe shi. Rigimarsa da Hasidawa a kan wasu abubuwa ce, ciki har da matsayin da suka ba shugabanninsu da sakaci da karatun Talmud. A tuna kuma ba a daɗe da fita daga wata fitina ba. A 1751 Yaƙub Emden ya zargi babban malamin Altona da Hambog, Yonatan Eybeschutz, da cewa layun da yake rubuta wa masu ciki suna ɗauke da sunan Shabbetai Tzvi, mutumin da ya yi da'awar shi ne Almasihu kafin ya musulunta a 1666. Wannan rigima ta raba kan malaman Turai, ta sa kowa yana kallon laya da ido biyu.

'Yan boko na Yahudawa su kuma dariya suka mai da abin. Yusuf Perl na Tarnopol ya fitar da littafin zambo a 1819 yana nuna fadar rebbe a matsayin kasuwar tatsar talakawa. Amma sukar da ta fi ciwo daga cikin gida ta fito. Reshen Peshischa, musamman Menachem Mendel na Kotzk da ya rasu a 1859, ya raina neman karama ƙwarai. Ba ya son almajirin da ya zo neman haihuwa ko ciniki, so yake mutum ya zo a fasa masa ƙaryar da yake yi wa kansa. Almajiransa sun ce ƙone rubuce-rubucensa ya yi, bai bar littafi ko ɗaya ba.

Dattijon da ka gani a bango kuwa, kusan tabbas Yeshaya Steiner ne, wanda ake kira Reb Shayale na Kerestir, wani ƙauye a yankin Tokaj na Hungari. Ya rasu a 1925. Abin da aka san shi da shi yana raye shi ne ciyar da baƙi, duk wanda ya shigo gidansa sai ya ci ya ƙoshi, dare ko rana. Labarin ɓerayen yana da riwayoyi daban-daban, gundarinsu shi ne wani almajiri mai rumbun hatsi ya kawo kukan ɓeraye sun gama da shi, rebbe ya ce ya je ya gaya musu ya ce su tashi, suka tashi. Daga nan hotonsa, wanda yake sunkuye da kai, ya bazu a shaguna da ɗakunan girki. Kowace shekara a ranar rasuwarsa dubban mutane na cika ƙauyen, ana dafa abinci kyauta kamar yadda yake yi.

A ganina a nan ne igiyar ta fi yin sako-sako. Kujerar Nachman shi ya zauna a kanta, dalar Schneerson daga hannunsa ta fito, bayanin tartsatsin haske ya shafe su ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba. Hoton da injin buga takarda ya fitar dubu goma jiya, rebbe bai taɓa shi ba, bai san da shi ba. Masu kare al'adar za su ce ganin fuskar salihi yana tuna wa mutum Allah, kuma albarkacin ciyarwar da ya yi ake roƙo da shi. Na ji wannan. Amma mai shagon da ya manna shi bayan buhunan fulawa, inda ba mai kallonsa sai ɓera, ba tunatarwa yake nema ba, kuma akwai malaman Hasidawa da kansu suke jin kunyar a mai da mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ciyar da mayunwata ya zama maganin ɓera.

Da yake abin yana da daraja, dole a yi rigimar mallaka. A yawancin gidajen Hasidawa sarauta gado ce, kuma idan 'ya'ya suka rabu, wanda ya riƙe kofin kaka ko littafin addu'arsa yana da abin nunawa cewa shi ne magaji. A 1985 aka lura tsofaffin littattafai na ɓacewa daga ɗakin karatun Lubavitch a Buruklin. Ashe wani jikan rebbe na shida ne ke kwashewa yana sayarwa, yana ganin gadonsa ne. Aka je kotun tarayya ta Amurka. Da aka tambayi 'yar marigayin, wadda ita ce matar Schneerson, ta ce mahaifinta da littattafansa duka na Hasidawa ne. A Janairun 1987 alƙali ya yanke hukunci cewa na ƙungiya ne, kuma har yau suna bikin wannan rana kowace shekara.

Yanzu kasuwar ta koma gidajen gwanjo a Birnin Ƙudus da Amurka, ana yi ta intanet. Littafin da ba zai wuce 'yan daloli ba, idan akwai sa hannun wani rebbe a bangonsa, sai ya kai dubbai. Hula ko ɗamara takan zo da wasiƙar wani jika yana shaida cewa ta kakansa ce, kuma sau da yawa wannan wasiƙa ita ce kaɗai hujjar, domin ɗamarar baƙin siliki duk kamarsu ɗaya. Inda kuɗi da ƙauna suka haɗu, jabu ba ya nisa. Shahararren misali shi ne tarin wasiƙun Kherson, waɗanda suka ɓullo bayan juyin juya halin Rasha na 1917, ana cewa na Baal Shem Tov ne da almajiransa, wai an same su a ma'ajiyar 'yan sandan sarkin Rasha. Masana tarihi sun duba takarda da salon harshe da kwanakin da ke ciki suka ce ƙirƙira ce. Lubavitch ta buga da yawa daga cikinsu a mujallarta a shekarun 1930, kuma matsayinta shi ne takardun ba na asali ba ne, kwafi ne da aka yi cikin gaggawa, amma abin da ke cikinsu sahihi ne.